"Malam, a Yi Mana da Hausa": Nazarin Ra'ayin Ɗalibai Kan Sauya Harshe a Darasin Turanci a Wata Sakandare ta Kano

Makarantar da wannan nazari ya shafa ta gwamnati ce, ta jeka-ka-dawo, ta maza zalla, a wata unguwa da ke wajen ganuwar Kano. Ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da ke gudana a cikinta shi ke gudana a ɗimbin irinta daga Sakkwato har Azare. Azuzuwan cike suke maƙil, wasu yara a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Littafin Turanci guda yakan bi hannun yara da yawa kafin a tashi. A takarda, kowane darasi da Turanci ake yin sa, in ban da Hausa da Larabci. A cikin aji kuwa, kusan kowane malami yana haɗawa da Hausa, kuma ba mai ɗaga wa malamin Lissafi ko na Kimiyya murya a kan haka. Inda ake samun gardama shi ne darasin Turanci kansa.

A wata shekarar karatu aka raba azuzuwan aji ɗaya na ƙaramar sakandare tsakanin malamai biyu. Na farko ɗan gari ne, ya yi NCE ya ƙara da digiri, ya daɗe yana koyarwa, kuma yana shiga Hausa yana fita a cikin darasinsa. Na biyu ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, wanda yara ke kira Kofa, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. Manhaja ɗaya, littafi ɗaya, jarrabawar ƙarshen zango ɗaya. Ni a lokacin manyan azuzuwa nake ɗauka, ɗakin malamai ɗaya muke zama da su biyun, don haka ina jin abin da ƙananan ke faɗa, ina kuma jin na manyan da suka riga suka ratsa hannun malamai iri biyun.

Yaron da ke shigowa aji ɗaya

Kafin a fahimci ra'ayin yaron, sai an san abin da ya zo da shi. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a farkon firamare, daga baya a koma Turanci, kuma wasu daga cikin bugun da suka biyo baya suka tsayar da sauyin a aji huɗu. Abin da aka yi a mafi yawan firamaren gwamnati ya sha bamban. Malami yakan rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su maimaita Turancin da murya ɗaya, su kwafa. Ba a koya musu karatun Hausa yadda ya kamata ba, Turancin ma haddarsa aka ba su. Shirye-shirye irin su "Mu Karanta!" da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato sun taso ne saboda an tarar da yara masu yawa a firamare ba sa iya karanta ko da Hausar da suke yi a gida. Sannan akwai ƙarfin malaman kansu: a 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba a jarrabawar da aka ɗauko daga darussan aji huɗu. An yi ta muhawara kan adalcin wannan gwaji, amma ya nuna irin hannun da yara da yawa ke fitowa daga ciki.

Akwai abu na biyu da masu tsara manhaja ba sa lissafawa. Yaron nan ba baƙo ba ne ga karatu da harshe biyu. Da yamma yana Islamiyya, ko yana zaure gaban malami, inda ake karanta jimlar Larabci a fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa. Da azumi yana jin tafsiri, mai jan baƙi ya ja aya, malam ya warware. A wurinsa haka ake karatu: a kawo baƙon harshe, a buɗe shi da naka. Malamin da ya karanto abu ya wuce bai fassara ba, a idon yaron bai gama aikinsa ba.

Azuzuwa biyu, darasi ɗaya

Ajin Kofa ya fi kowane aji tsit. Yana da himma, yana shirya darasinsa, Turancinsa a sake yake. Yakan yi bayani, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa "Yes sir" baki ɗaya. Ya faɗi rabin jimla ya ɗaga murya, yara su cika masa kalmar ƙarshe. Wanda ya leƙo ta taga zai rantse karatu na tafiya. Keith Chick, wanda ya yi nazarin azuzuwan yaran Zulu a Afirka ta Kudu, ya bayyana irin wannan amshi a matsayin hanyar rufin asiri tsakanin malami da ɗalibai: ba wanda aka kunyata, ba kuma wanda aka tabbatar ya gane.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke faruwa a bencin baya da kuma bayan an kaɗa ƙararrawa. A kowane aji akwai yaro ɗaya ko biyu da suka fito daga firamare mai zaman kanta. Su ne tafintoci. Kofa na magana, su kuma suna raɗa wa na kusa da su da Hausa, na kusa ya miƙa wa na gaba. Da ya fita sai a yanyame su: "Me ya ce a yi?" Wato ajin da ake ce wa na Turanci zalla shi ma da harshe biyu yake tafiya, sai dai fassarar ta koma hannun ɗan shekara goma sha biyu, ba mai duba ta, ba mai gyara kuskurenta. Akwai ranar da aji guda ya yi aikin gida a shafin da ba shi aka ce ba, domin tafintan ya ji lamba ba daidai ba.

Malam ɗan gari kuwa yakan fara da Turanci, ya shiga Hausa idan ya ga fuskoki sun ɗaure. Ya fi shiga a wurin nahawu, kuma a nan ne na ga amfanin da ba a iya samu ta wata hanya. Da zai koyar da yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi, bai tsaya kan dogon bayani ba. Ya rubuta "na ci", "ina ci", "zan ci", "nakan ci", ya ce wa yara su nuna masa wanda ke nufin kullum. Duk suka nuna "nakan ci". Ya ce to wannan shi ne "I eat", kuma "ina ci" shi ne "I am eating". Abin da yara ke ruɗewa a kai shekara da shekaru ya zauna cikin ɗan lokaci, domin an ɗora shi a kan abin da suka riga suka sani. Haka ya yi da wakilin suna. Ya nuna musu cewa a Hausa kujera "ita" ce, tebur "shi" ne, shi ya sa bakinsu ke kai su ga "she" idan suna maganar mota, alhali Turanci yana da "it" da Hausa ba ta da takwaransa. Ya nuna musu dalilin da ya sa suke cewa "borrow me", domin "ara" guda ɗaya ke ɗauke da abin da Turanci ya raba gida biyu. Kofa yana jan layi ja a ƙarƙashin waɗannan kurakurai a kowane mako, amma ba shi da hanyar sanin daga ina suke ɓullowa.

Abin da ƙananan ke cewa

Idan ka tambayi 'yan aji ɗaya wane malami suka fi so, ba sa jinkiri. Malam ɗan gari. Kalmar da suke maimaitawa ita ce "yana fahimtar da mu". A ajinsa suna ɗaga hannu, suna tambaya, wani ma har ya yi gardama. Roƙon da aka fi ji a makarantar, "Malam, a yi mana da Hausa", a wurinsa ake yi domin an san za a samu. Ba sauƙin darasi kaɗai suke nufi ba. Yaro ya taɓa bayyana mini cewa a ajin Kofa tsoronsa biyu ne, kada a tambaye shi bai gane tambayar ba, kada kuma ya buɗe baki a yi masa dariya. A ajin Malam tsoro ɗaya ya ragu.

Sai ka sauya tambayar, ka ce wa ya fi iya Turanci. Nan ma ba jinkiri: Kofa. Shi suke kwaikwayo a filin ƙwallo, salon maganarsa suke ɗauka, kalmominsa suke jefa wa juna. Wasunsu ma sun ɗauka Malam yana shiga Hausa ne don Turancinsa ya ƙare. Wannan ya yi mini ciwo, domin na san Malam ya fi Kofa sanin nahawun Turanci nesa ba kusa ba. Yaran da ke cin moriyar Hausarsa su ne ke rage masa daraja saboda ita.

Ba daga sama suka samo wannan ba. A makarantar, kamar sauran, akwai dokar hana "vanakula". Monita yana rubuta sunayen waɗanda aka ji suna Hausa, a ci su tara ko a ba su shara. Dokar tana tashi tana kwanciya, amma saƙonta ya shiga: Hausa a harabar makaranta laifi ce. To yaron da aka ci tara da safe saboda ya ce wa abokinsa "ba ni biro", da hantsi ya ga malamin Turanci yana bayani da Hausa, me ake so ya ɗauka? Ya kuma lura da wani abu. Duk ranar da masu duba makarantu suka zo, Malam ba ya furta kalmar Hausa ko ɗaya daga farkon darasi har ƙarshe. Yara ba makafi ba ne. Sun gane cewa abin da ke taimakonsu abu ne da ake ɓoyewa idan manya sun zo. Margie Probyn, wadda ta yi bincike a makarantun Afirka ta Kudu, ta kira wannan hali fasa-ƙwaurin harshen gida zuwa cikin aji, kuma ban ga siffar da ta fi wannan dacewa da abin da muke yi ba.

Abin da manyan ke cewa

A aji biyar da aji shida ra'ayi yakan juya, kuma dalilin a fili yake. Ɗan aji biyar a makarantar gwamnatin Kano yana da jarrabawar kwalifayin a gabansa, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Ɗan aji shida yana da WAEC ko NECO, sannan JAMB, inda Turanci ya zama dole ga kowa. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a. A takardar WAEC ana son insha'i mai kalmomi kimanin 450, ga auna fahimta, ga taƙaitawa, ga sashen furuci. Maganar da suke yi ita ce, "A ɗakin jarrabawa ba mai fassara maka."

Wanda ya ji wannan zai ce manyan sun koma goyon bayan Turanci zalla. Da na zauna da su na ga ba haka ba ne. Ba wanda ya ce a daina Hausa ɗungurungum. Abin da suka yi shi ne rarrabe malamai, kuma rarrabewar tasu ta fi ta yawancin masu duba makarantu kaifi. Akwai malamin da ke shiga Hausa ya dawo, akwai wanda ke shiga ya zauna. Na farko yakan buɗe kalma ko ƙa'ida mai wuya da jimla ɗaya ko biyu, ya koma Turanci, ya tilasta maka ka amsa da Turanci. Na biyu yakan karanta sakin layi, ya fassara shi kaf, ya ɗora da labari, kafin ka ankara minti arba'in sun ƙare, Turancin da aka ji bai wuce wanda ke cikin littafi ba. Ɗalibai sun ce a ajin irin wannan malami kunnensu ya koyi jira. Idan yana karanta Turancin hankalinsu na wani wuri, sai ya fara Hausar su dawo. Ga wanda ya san fassara na tafe, me zai sa ya wahalar da kansa?

Sun kuma san lokacin da malami ya shiga Hausa don su, da lokacin da ya shiga don kansa. Idan ya zo wurin da shi ma bai da tabbas, sai ya sulale cikin Hausa ya kewaye tambayar, suna ganewa. Wannan ne suke raina wa, ba Hausar ba.

Ɗaya daga cikinsu, mai karatun zaure sosai, ya kawo hujjar da har yanzu nake tunawa. Ya ce ya san mutanen da suka sauke littattafan fiƙihu da nahawu a gaban malamai, suna karanta Larabci su fassara ba gargada, amma idan Balarabe ya tare su da hira sai su daburce. Ya ce hanyar fassara gaɓa-gaɓa tana ba ka fahimtar littafi, ba ta ba ka baki. Tsoronsa kada a yi masa haka da Turanci: ya fita sakandare yana gane abin da ya karanta, amma ba zai iya tsayawa gaban masu ɗaukar aiki ya faɗi jimla uku a jere ba. Kuma ga yaro irinsa, wanda gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa, fim ɗin Indiya ma an fassara masa da Hausa, darasin Turanci ne kaɗai wurin da zai ji ana harshen da shi kai tsaye. Duk mintin da aka ɗauke daga ciki ba shi da inda zai rama shi.

Wani ƙorafin ya fi wannan zurfi. Sun lura cewa wasu malamai Turanci suke yi idan ana karatu, amma da zarar za a yi faɗa, ko zagi, ko zolaya, sai Hausa ta fito. Wato Turanci na ilimi ne, Hausa ta tsawa. Ba su faɗe shi da waɗannan kalmomi ba, amma abin da suke nufi ke nan da suka ce wani malamin "ba ya Hausa sai zai ci mutuncinka". Malam ɗan gari ya tsira daga wannan zargi domin shi da Hausar yake bayanin ƙa'ida, yana ma amfani da kalmomin nahawun Hausa irin su aikatau da wakilin suna da sifa, waɗanda yara suka sani daga darasin Hausa.

Sai 'yan tsirarun da ba a cika tambaya ba. A kowane aji akwai yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce. Waɗanda aka haifa a Kano, Yarabawa ne ko Ibo ko Nufawa ko Barebari, yawanci Hausarsu ta kai ta kowa, ba su da matsala. Amma wanda iyayensa suka dawo garin kwanan nan, duk lokacin da Malam ya shiga Hausa shi an rufe masa ƙofa, kuma ba zai ɗaga hannu ya ce bai ji ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa duk abin da aka faɗa da Hausa a sake faɗinsa da Turanci mai sauƙi.

Wannan rabuwar ra'ayi tsakanin ƙanana da manya ba ta Kano kaɗai ba ce. Ernesto Macaro da Jang Ho Lee sun tambayi 'yan firamare da 'yan jami'a a Koriya ta Kudu, a binciken da aka buga a 2013, suka tarar manyan sun fi ƙananan karɓar darasi da Turanci zalla, amma ba rukunin da ya goyi bayan a kori harshen gida gaba ɗaya. Tun a 1999 William Schweers ya ruwaito daga Jami'ar Puerto Rico cewa kusan kashi 89 cikin ɗari na ɗaliban da ya tambaya suna ganin ya kamata a riƙa amfani da Sifaniyanci a darasin Turanci, musamman wajen warware abu mai wuya.

Abin da aka gwada

A zango na biyu malaman biyu suka fara zama tare suna duba littattafan yara, kuma kowa ya ga abin da ya rasa. Yaran Malam sun fi gane ƙa'ida, amma idan aka ce su yi magana sai su fara da Turanci su ƙare da Ingausa, domin sun san zai karɓa. Yaran Kofa kunnensu ya fi sabawa, 'yan gaba-gaban ajin sun ci gaba sosai, amma na baya sun yi nisa da zama 'yan kallo.

Malam ya sa wa kansa ƙa'ida, ya kuma sanar da yara a fili, wanda a ganina shi ne abu mafi muhimmanci da ya yi. Zai fara da Turanci. Idan ba a gane ba zai sake da Turanci mafi sauƙi, da zane ko nuni. Idan har yanzu da saura, zai faɗa da Hausa a taƙaice, ya maimaita da Turanci. Yaro yana da damar yin tambaya da Hausa, amma amsar darasi da Turanci zai ba da ita, ko da a karye. Umarnin yau da kullum, buɗe littafi, share allo, zauna, duk ya mayar da su Turanci, tunda ana maimaita su kullum kuma ba mai buƙatar fassararsu bayan mako guda. Ya daina fassara labarin auna fahimta. Sai ya zaɓi kalmomi kaɗan masu wuya ya buɗe su tun kafin a fara karatu. Ya kwatanta abin da koya wa yaro keke: kana riƙe da sirdi kana bin sa da gudu, amma niyyarka tun farko ita ce ka saki.

Da farko yaran sun yi gunaguni, sun ce Malam ya canza. Bayan 'yan makonni gunagunin ya lafa, kuma wani abu ya biyo baya da ban zata ba: maganar cewa bai iya Turanci ba ta mutu. Da suka ji dalilin shigarsa Hausa daga bakinsa, suka kuma ga shi ke yanke lokacin shiga da na fita, sai suka daina ɗaukar abin a matsayin gazawa.

Kofa kuma ya fito da tafintocin bencin baya fili. Bayan ya yi bayani yakan ba da ɗan lokaci yara su tattauna bibbiyu da duk harshen da suka ga dama, sannan ya nuna wanda zai faɗa wa aji da Turanci abin da suka fahimta. Ta haka kuskuren fassara ya fara fitowa inda zai iya kama shi. Ya kuma fara tambayarsu yadda ake faɗin abu da Hausa, yana gwadawa, suna gyara masa. Yaran da suka ga babba yana karya harshe a gabansu bai mutu ba, sai nasu tsoron ya ragu. Wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba ya zama mai gyara wa malami furucin "ƙ" da "ɗ", daga nan ya yarda a gyara masa "p" da "f".

Ba wani abin al'ajabi da ya faru a sakamakon jarrabawa. Ajin da yara ke zaune a ƙasa ba littafi, sauya dabarar magana kaɗai ba za ta ɗaga shi sama ba a zango biyu. Abin da ya canza a idona shi ne yawan hannuwan da ke tashi, da tsawon abin da yara ke iya rubutawa da kansu ba kwafe ba.

Dokar sama da abin da ke ƙasa

A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, kuma Ministan Ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya faɗa tun a ranar cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. A Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe har jami'a, yana danganta yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a wasu shiyyoyi da koyarwa da harshen uwa.

Na fahimci damuwar, domin ita ce damuwar ɗalibaina na aji shida. Amma abin da yaran makarantarmu suka samu a firamare ba koyarwa da harshen uwa ba ce. Koyarwa da harshen uwa ita ce irin wadda Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada a Ile-Ife daga 1970, inda aka rubuta littattafai da Yarabanci, aka horar da malamai, aka koyar da Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. A nan Kano ma, makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa ta fara, da littattafanta. Abin da muke da shi yanzu fassarar baka ce ta gaggawa a kan littafin Turanci, ba tsari, ba horo. Dokar Turanci zalla ba za ta hana Malam shiga Hausa ba, domin ba zai tsaya yana kallon yara sittin ko fiye suna gyaɗa kai ba su gane komai ba. Abin da za ta yi shi ne ƙara tura abin cikin ɓoye, kuma abin da ake ɓoyewa ba a koyar da shi, ba a gyara shi.

A nan ne nake ganin babban giɓin. Ɗalibin koyon malanta da ya zo gwajin koyarwa ya san idan ya furta Hausa a gaban mai duba shi zai iya rasa maki, don haka ranar dubawa yakan yi Turanci tsantsa, washegari ya koma fassara kaf. Ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yaushe ake shiga, jimla nawa ta isa, ta yaya ake dawowa, wane kuskuren Bahaushe ne ke buƙatar a kwatanta harsunan biyu, kuma yaya ake rage Hausar daga aji ɗaya zuwa aji shida. Ɗalibanmu sun riga sun ba da amsar yawancin waɗannan tambayoyi, ba a dai tambaye su ba.

Kofa ya gama shekararsa ya tafi, aka turo wani, wanda ya fara daga "Yes sir" kamar yadda na farko ya fara. Malam yana nan yana bin ƙa'idarsa, wasu matasan malamai biyu suna shiga ajinsa suna kallo idan ba su da darasi. A littafin shirin darasinsa, wanda mataimakin shugaban makaranta ke sa wa hannu duk mako, ba inda aka rubuta cewa zai yi amfani da Hausa, domin fom ɗin ba shi da gurbin rubuta hakan.